Gidan Gucci: Yadda Rashi Ya Gina Salo, Yalwa Ta Kusa Rusa Shi

A shekarar 1989, sa'ad da aka ɗauko wata Ba'amurkiya mai suna Dawn Mello daga shugabancin kantin Bergdorf Goodman na birnin New York domin ta gyara al'amuran gidan Gucci, shahararren kamfanin kayan fata da tufafi na Italiya, abin da ta tarar ya fi kama da kasuwar kowa da kowa fiye da gidan kayan alfarma. Kaya iri-iri har kimanin 22,000 ne ke ɗauke da sunan gidan, kama daga jakunkuna da takalma har zuwa maƙalar makulli da alƙalami da kofin shayi, kuma ana sayar da su a wurare sama da 1,000. Aikinta na farko ragi ne: ta mayar da yawan kayan zuwa kimanin 7,000, wuraren sayarwa kuma zuwa 180. Gidan da manyan matan duniya suka riƙa yi wa layi shekaru ashirin kafin nan ya kai matsayin da sai an janye sunansa daga idon jama'a kafin darajarsa ta dawo.

Wannan hali da Mello ta tarar shi ne mabuɗin fahimtar tarihin Gucci baki ɗaya, domin kusan duk alamomin da aka san gidan da su a yau an ƙirƙire su ne a lokacin ƙunci, ko kuma a ƙaramin shago mai ma'aikata kaɗan, alhali kuwa duk wata babbar masifa da ta same shi ta zo ne a lokacin da kuɗi ke shigowa kamar ruwa.

An haifi Guccio Gucci a birnin Fulorens na yankin Tuskani a shekarar 1881. Yana saurayi ya tafi Landan neman abin kansa, ya sami aiki a otal ɗin Savoy, inda yake cikin yaran da ke hidimar baƙi da ɗaukar musu kaya. Aikin ba na a-zo-a-gani ba ne, amma ya ba shi damar da babu makarantar da za ta ba shi, wato ya riƙa taɓa akwatunan attajirai da hannunsa, yana ganin irin fatar da suke so, da irin ɗinkin da ke jure tafiya, da yadda ake buga haruffan sunan mai kaya a jikin akwati. Da ya koma gida, ya yi aiki a harkar kayan fata, sannan a shekarar 1921 ya buɗe shagonsa a titin Via della Vigna Nuova. Fulorens gari ne na dukawa tun fil azal, kuma majemun da ke bakin kogin Arno, musamman na garin Santa Croce, suna cikin mafiya shahara a Turai. Har gobe Italiya tana cikin manyan masu sayen fatun awaki da na tumaki da ake jemewa a Kano, saboda masana'antar fatarta ta fi ƙarfin dabbobin da take kiwo. Guccio bai ƙirƙiri sana'ar ba. Abin da ya yi shi ne ya haɗa hannun dukawan garinsu da ɗanɗanon masu kuɗin Ingila.

Jarrabawar farko ta zo daga siyasa. A shekarar 1935 Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin, ya mamaye ƙasar Habasha, sai ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ƙaƙaba wa Italiya takunkumi. Fata mai kyau ta yi wuya. Maimakon ya rufe shago, Guccio ya koma ga wani yadi mai ƙarfi da ake saƙawa a yankin Napoli da zaren tsiron da Italiyawa ke kira canapa, wanda ya yi kama da ramarmu, ya sa aka buga masa zanen ƙananan kusurwoyi masu ruwan ƙasa mai duhu a kan fili mai ruwan ƙasa mai haske, suna sarƙe da juna. Fata sai aka bar ta ga gefuna da madauri da wurin riƙo, inda dole sai ita. Wannan zane, mai suna Diamante, shi ne tambarin gidan na farko da ake iya ganewa daga nesa, kuma a kansa ne daga baya aka ɗora haruffan G biyu, wato haruffan farko na sunan Guccio Gucci. Yadin da ake bugawa da G biyu a yau, wanda ake biyan dubban daloli a kansa, jikan wancan yadi ne na lokacin babu.

Jakar gora ta fi wannan bayyana lamarin. An fito da ita a shekarar 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da fata da ƙarfe duk suke da wuyar samu, amma ana iya shigo da gora daga Jafan. Yadda ake yin mariƙinta na gora bai canza sosai ba daga wancan lokaci. Ma'aikaci yakan zaɓi sandar gora mai gaɓoɓi daidai, ya riƙe ta a kan harshen wuta yana jujjuyawa har ta yi laushi, sannan ya tanƙwara ta da hannu sannu a hankali zuwa siffar baka, domin idan ya yi gaggawa za ta tsage, idan kuma ya daɗe za ta ƙone. Bayan ta huce ta riƙe siffarta, sai a shafe ta da man sheƙi sau da yawa, a sake gasa ta har ta yi launin zuma mai duhu, gaɓoɓin kuma su fi sauran jikin baƙi. Saboda haka ba a samun mariƙi biyu masu kama ɗaya sak. Jikin jakar kansa an lanƙwasa shi ne kamar gefen sirdi, makullinta kuma ɗan guntun gora ne da ake murɗawa. Kamfanin ya ce jaka ɗaya tana haɗa yanki 140, tana kuma cin kimanin sa'o'i 13 na aikin hannu. Abin da aka soma a matsayin dabarar maye gurbi ya zama abin da masu kwaikwayo suka fi shan wuyar kwaikwaya, saboda inji ba ya iya karanta lokacin da gora ta nuna a kan wuta.

Sauran alamomin daga jikin doki aka ɗebo su. Ratsin nan na kore da ja da kore, wanda ya bayyana a farkon shekarun 1950, an ɗauko shi ne daga majayin sirdi, wato ɗamarar da ke zagaye cikin doki. A shekarar 1953 kuma aka fito da takalmi sau-ciki na maza, aka ɗora masa ƙaramin linzami na ƙarfe a goshi, zobe biyu da sanda ta haɗa su. Takalmin yana da laushi da rashin nauyi, ana iya sa shi da kwat a ofis ko da ƙananan kaya a hutu, kuma a shekarar 1985 gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya shigar da shi cikin kayan da yake adanawa na dindindin. A nan akwai wani abin dariya da ya kamata a faɗa. A zamanin Aldo, ɗan Guccio, an yaɗa labarin cewa kakannin gidan masu yi wa sarakunan Tuskani sirdi ne, har aka yi wa gidan tambarin barde sanye da sulke, sai dai barden yana riƙe da akwati da jaka a maimakon takobi. Masu binciken tarihin iyalin ba su sami abin da ya tabbatar da wannan asali ba. Dokin na abokan ciniki ne, masu kuɗin da hawa yake cikin abin alfaharinsu, ba na masu shago ba. Amma labarin ya sayar da kaya, kuma ya nuna cewa tun da wuri Aldo ya gane cewa mai sayen kayan alfarma asali yake saye tare da fata.

Aldo ne ya fitar da gidan daga Fulorens. Shi ya matsa aka buɗe shago a titin Via Condotti na birnin Rum a shekarar 1938, duk da ɗari-ɗarin mahaifinsa. Ƙanensa Rodolfo, wanda ya taɓa zama ɗan wasan fim, ya riƙe shagon Milan da aka buɗe a 1951. A shekarar 1953, wadda Guccio ya rasu a farkonta, aka buɗe shagon New York, sannan Landan da Faris da Beverly Hills da Tokyo suka biyo baya. A wannan zamani ne wata jaka mai lanƙwasa kamar jinjirin wata ta sami sunan Jackie saboda yawan ganin Jacqueline Kennedy, matar shugaban Amurka John Kennedy, da ita, kuma a 1966 mai zane Vittorio Accornero ya zana ɗankwalin siliki na Flora domin Gimbiya Grace ta Monako, mai ɗauke da furanni da tsirrai da ƙwari iri 43 cikin launuka 37. Idan aka lura, zuwa tsakiyar shekarun 1960 an riga an kammala kusan dukkan harshen da gidan yake magana da shi har yau: gora, linzami, ratsin majayi, G biyu da furannin Flora. Duk masu zanen da suka zo daga baya, komai bambancin halinsu, waɗannan kalmomi biyar suke jujjuyawa.

Rikicin ya soma ne daga lissafin gado. Bayan rasuwar ɗan'uwansu Vasco a 1974, Aldo da Rodolfo suka raba kamfanin biyu, kowa kashi 50 cikin ɗari. Aldo yana da 'ya'ya maza uku a cikin harkar, Giorgio da Paolo da Roberto, ya ba kowannensu kashi 3.3 daga rabonsa, ya rage da kashi 40. Rodolfo kuwa ɗa ɗaya gare shi, Maurizio. Ɓangaren Aldo suna ganin su ne ke wahalar, amma rabin riba yana tafiya gidan da bai kai su yawa ba. Maganin da Aldo ya samo shi ne kamfanin turare na daban, wanda shi da 'ya'yansa suke da rinjaye a cikinsa, kuma a ƙarƙashinsa aka ƙaddamar da wani rukunin kaya masu araha a shekarar 1979: jakunkunan yadi masu G biyu, da ƙananan kayan kyauta, waɗanda ake sayarwa a sari ga manyan kantuna. Kuɗi ya shigo ba kama hannun yaro. Sai dai kayan suna da sauƙin yi, don haka suna da sauƙin kwaikwaya, kuma ba da daɗewa ba jabu suka cika bakin titunan manyan birane. Matar da ta sayi jakar fata da tsada ta soma ganin tambarin da ke jikin jakarta a hannun kowa. A ganina wannan shi ne babban kuskuren iyalin, wanda ya fi duk faɗace-faɗacen da jaridu suka fi ba muhimmanci: an tsara abin da gidan zai sayar ne bisa wanda ribar za ta shiga aljihunsa, ba bisa abin da sunan zai iya ɗauka ba.

Faɗan kansa ya yi muni. Paolo ya nemi ya fitar da kaya da sunansa, aka kore shi, ya shiga kotu da mahaifinsa da baffansa. A wani zaman shugabannin kamfanin a Fulorens a 1982, an ba hamata iska bayan da ya fito da rikoda yana naɗar abin da ake faɗa. Daga baya ya miƙa wa kotun Amurka takardun da suka tona yadda ake karkatar da kuɗi don kauce wa haraji. Da Rodolfo ya rasu a 1983, Maurizio ya gaji kashi 50, sai ya haɗa kai da Paolo. Hamsin da uku da ɗigo uku sun fi rabi, kuma da wannan ɗan ƙaramin kaso da uba ya ba ɗansa kyauta aka tumɓuke uban daga shugabanci a 1984. A 1986 wata kotu a New York ta yanke wa Aldo ɗaurin shekara ɗaya da kwana ɗaya kan kauce wa harajin da ya haura dala miliyan 7, yana da shekara 81 a duniya.

Adalci ne a ce Maurizio ya gane cutar. Shi ne ya ɗauko Dawn Mello, shi ne ya yanke shawarar kashe rukunin kayan arahar, ya kuma so a koma ga fata da aikin hannu. Domin ya raba kamfanin da 'yan'uwansa, ya jawo kamfanin zuba jari na Investcorp mai tushe a Baharain, wanda ya saye hannun jarin ɓangaren Aldo a ƙarshen shekarun 1980. Amma ya datse hanyar kuɗin shiga tun kafin sababbin kayan su kama kasuwa, ya kuma ci gaba da kashe kuɗi a kan sabuwar hedikwata ta alfarma a Milan kamar babu abin da ya faru. Asara ta biyo asara, biyan masu kawo kaya ya gagara, abokan jarin suka gaji. A shekarar 1993 ya sayar wa Investcorp rabonsa, kuma daga ranar babu wani ɗan gidan Gucci da ya sake mallakar kaso a kamfanin da ke ɗauke da sunansu. Ranar 27 ga Maris, 1995, wani ɗan bindiga ya harbe Maurizio a ƙofar ofishinsa a Milan. A 1998 kotu ta sami tsohuwar matarsa Patrizia Reggiani da laifin shirya kisan.

A cikin watan da aka kashe shi ne, a wannan birni na Milan, wani matashi ɗan jihar Texas mai suna Tom Ford ya nuna kayan da suka juya labarin. Mello ce ta ɗauke shi aiki a 1990, ya zama jagoran zane a 1994 bayan ta koma Amurka. Ya fito da wanduna na karammiski masu zama a kan ƙugu, da rigunan siliki masu sheƙi, shuɗi da kore, waɗanda aka bar maɓallansu a buɗe, da takalmin linzami da aka yi wa fenti mai ƙyalli kamar jikin mota. Salon ya yi nisa da natsuwar da Maurizio ya yi mafarki, tallace-tallacensa kuma sun sha suka saboda tsiraici, har a Turai ma. Amma ya mayar da Gucci daga gidan akwati da jaka zuwa gidan da ake jiran abin da zai ce a kowane lokacin nuna sababbin kaya. A gefensa akwai Domenico De Sole, lauyan da ya taɓa yi wa iyalin aiki, wanda ya ci gaba da aikin da Mello ta fara, yana janye lasisin da aka ba wasu na yin kaya da tambarin Gucci, yana saye shagunan da wasu ke gudanarwa da sunan gidan. Cinikin shekarar 1995 ya kai kimanin dala miliyan 500, kusan ninki biyu na shekarar da ta gabata, kuma a watan Oktoba na wannan shekara aka sa kamfanin a kasuwannin hannun jari na New York da Amsterdam.

Nasarar ta jawo mafarauta. Zuwa ƙarshen Janairun 1999, Bernard Arnault na rukunin LVMH, babban rukunin kamfanonin kayan alfarma na Faransa, ya tara kashi 34 na hannun jarin ba tare da ya yi tayin sayen kamfanin gaba ɗaya ba. De Sole ya fitar da sababbin hannayen jari da sunan ma'aikata domin ya narkar da ƙarfin ƙuri'ar Arnault, sannan a watan Maris ya sayar da kashi 40 ga wani attajirin Faransa, François Pinault na rukunin PPR, kan dala biliyan 3. An yi ta shari'a a kotunan Holan har zuwa sulhun 2001. A 2004 PPR, wanda a yau ake kira Kering, ya mallake kamfanin kusan baki ɗaya, Ford da De Sole kuma suka tafi bayan an kasa daidaitawa kan wanda zai riƙe iko. Frida Giannini ta jagoranci zane na kusan shekara goma cikin natsuwa, ta farfaɗo da Flora da jakar gora.

Wanda ya gaje ta a Janairun 2015, Alessandro Michele, ya shafe shekaru sama da goma yana aiki a gidan ba tare da an san shi a waje ba. Cikin kwana biyar ya sake kayan maza da za a nuna, ya fito da samari sanye da rigunan siliki masu ɗaurin wuya irin na mata. Salonsa tari ne a kan tari: aikin allura na macizai da damisa da ƙudan zuma, manyan tabarau, launuka masu faɗa da juna, da takalmin linzami da aka yanke wa dunduniya aka shimfiɗa wa gashi a ciki. Ya kuma dawo da G biyu fili, a kan bel da riga da hula, har ya kai ga yi wa masu jabu ba'a ta hanyar buga sunan gidan da kuskuren rubutu da gangan. Dangantakar gidan da masu kwaikwayo ta ɗauki wani salo a 2017, sa'ad da Michele ya nuna wata riga mai kumburarren hannu da ta yi kama da aikin Dapper Dan, telan unguwar Harlem ta birnin New York da manyan gidajen ado suka taɓa kai wa farmaki ta hanyar shari'a saboda yana amfani da tamburansu ba izini. Da surutu ya yi yawa, Gucci ta haɗa gwiwa da shi, ta buɗe masa sabon shagon ɗinki a Harlem a 2018. A farkon 2019 kuma dole ta janye wata baƙar rigar sanyi mai rufe baki da jan leɓe, ta nemi afuwa, bayan an ce ta yi kama da yadda ake yi wa baƙar fata izgili a Amurka.

Ta fuskar kuɗi, zamanin Michele da shugaban kamfanin Marco Bizzarri ba shi da na biyu: ciniki ya tashi daga yuro biliyan 3.9 a 2015 zuwa biliyan 9.6 a 2019, ya kuma haura biliyan 10 a 2022. Amma mai karatu zai ga alamar tsohuwar cuta a cikin sabuwar riga. Kaso mai yawa na wannan ciniki ya dogara ne ga matasa masu sayen bel da takalmin roba da ƙaramar jaka, musamman a ƙasar Sin, waɗanda sukan janye da zarar aljihu ya yi sanyi ko ido ya gaji. G biyu ta sake zama ruwan dare, ta asali da ta jabu. Ko a kasuwanninmu, daga Kano zuwa Yamai, da wuya a zagaya layin takalma da huluna ba a gan ta a jikin silifas ba. Michele ya bar gidan a Nuwamban 2022. Sabato De Sarno ya zo da salo mai sauƙi da wani ja mai duhu da ya sa wa suna Ancora, da nufin jawo masu sayen da ba sa son hayaniya, amma cinikin 2024 ya faɗi da kashi 23 cikin ɗari zuwa kimanin yuro biliyan 7.7, kuma a Fabrairun 2025 aka raba gari da shi bayan shekara biyu kacal. A watan Maris Kering ta sanar da cewa Demna, ɗan asalin ƙasar Jojiya da ya shafe shekara goma yana jagorantar zane a gidan ado na Balenciaga, shi zai karɓi aikin, kuma washegarin sanarwar darajar hannun jarin rukunin ta faɗi da sama da kashi 10 cikin ɗari a kasuwar Faris.